Golan Burkullu

Lahadi, bayan La'asar

An jefa ƙuri'a. Alhaji Mas'ud, shugaban kwamitin gasar shiyyarmu, ya cire hularsa ya zuba takardun a ciki ya girgiza, zufar kansa duk ta jiƙa sunayen. Kulob takwas suka rage, daga nan kuma sili ɗaya ƙwale ne. Wanda ya ɗau kofi shi zai je Gusau, inda manyan kulob ke aiko mutanensu su duba 'yan wasa.

Ga yadda ta faɗo. Zinariyar Anka da Guguwar Duza. Shahon Bukkuyum da Matasan Abare. Sai wasu kulob biyu na cikin garin Anka da ko iyayensu ba sa zuwa kallonsu, Allah ya haɗa su da juna, kowa ya huta. Na ƙarshen ne ya shafe ni: 'Yan Gulbi na nan Gummi da Manoman Nasarawa Burkullu, a filinmu, ranar Asabar. Muktar ƙanena shi ne golan Burkullu.

Na gaya wa Alhaji bai dace in hura wasan da ɗan'uwana ke tsaron raga ba. Ya ce rafalin Anka ya daina bin hanya tun bara, na Bukkuyum kuma matarsa ta ɓoye masa usur. Ni kaɗai na rage mai takarda. Ya ce kuma duk garin nan an san Dalhatu, ko Innarsa ce ta taɓa ƙwallo da hannu sai ya ba da fenariti. Aka yi dariya. Ban musa ba, don gaskiya ne.

Talata, da hantsi

Ɗalibai na rubutun gwaji, ni kuma na zauna ina auna wasannin ɗaya bayan ɗaya.

Anka za ta fitar da Duza. Yaran Duza gudu gare su, amma ba wanda ya taɓa gaya musu inda ake tsayawa. Anka tsofaffi ne, za su bar su su gaji, su ci su bayan hutun rabin lokaci. Bukkuyum da Abare kuwa faɗa ne za a yi, ƙwallo ta shigo a matsayin baƙuwa. Abare ba su san komai ba sai doguwar ƙwallo, Bukkuyum na da wani ɗan baya da ya kai ƙofar zaure faɗi, duk abin da ya taho ta sama kansa zai sauka. Na ba Bukkuyum, da ƙyar.

Namu ne mai wuyar. A takarda Gummi ta fi su komai. Muna da fili, muna da jama'a, muna da Lado, wanda ƙafarsa ta hagu ta raba 'yan baya da yawa da mutuncinsu. Burkullu manoma ne na gaske, ba suna kawai ba, sai sun taso daga gona suke atisaye, bayansu kuma rariya ne. Amma Burkullu na da gola.

Ba don ƙanena ba ne. Tun yana ƙarami shi Inna ke sawa kamun kaza, ba a taɓa ganin kazar da ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa ba. Malam mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi ta fama ya zaunar da mu gaban allo, yana cewa me mutum zai samu a bin fatar da aka cika da iska. Ni na ɗan zauna, na zama malamin firamare. Muktar ya sauke, ya ajiye allon, ya tafi Burkullu ya riƙe gonar dangin Inna, ya yi aure can. In mutanen Gusau suka gan shi sau ɗaya, ya gama noma.

Na kira shi na karanta masa lissafina. Ya yi dariya har ya ƙware.

"Yaya, kai dai hura usur ɗinka. Ka gaya ma Lado ya adana ƙahwatai, za ya buƙace ta wurin huɗa."

Alhamis, bayan Azahar

Buhun Burkullu ya iso. Barakatu mai daddawa ce ta kawo shi a motar kasuwa, ƙarƙashin kayanta.

Haka ake yi tun da hanya ta zama abin da ta zama. Kulob ɗin ƙauye ba ya tafiya tare. Kayan wasa a buhu ake zubawa a ba matan da ke zuwa kasuwa su riga su isa. Su kuma 'yan wasan su taho bibbiyu a babur, cikin kayan gona, wani ma da fartanya a kafaɗa, da tazara mai kyau tsakaninsu. Samari goma sha wani abu a jere, cikin kaya iri ɗaya, ba abin da ake so a gani ba ne a wannan hanyar. Ba wanda ya rubuta wannan doka, amma ta fi duk waɗanda ke cikin littafina ƙarfi.

Barakatu ta ce Burkullu ba a maganar komai sai wasan nan. Ba su taɓa kaiwa nan ba. Wani ɗan garinsu da ke Legas har ya aiko musu da sabbin jesi, ta ce yaran sai shinshina su suke yi. Na kai buhun ɗakin Inna na jingine bayan ƙofa. Ta ce zai cika mata ɗaki da warin daddawa, na ce kwana biyu ne.

Asabar, da safe

Na zuba toka na ja layi da kaina, don in na bar wa 'yan kwamiti fili zai fito kamar gonar gado. An ɗaura raga. Inna ta gasa hoce, wainar dawar nan ta wajenmu, tun da asuba ta rufe a kwano, ta ce na Muktar ne, kada in kuskura. Ni da nake gari ɗaya da ita ban isa a gasa mini hoce ba.

Ina jin daɗi yau, ba zan ɓoye ba.

Asabar, bayan Magariba

Ba su zo ba.

Lahadi, bayan La'asar

Sabis ya ɗauke tun jiya da rana. Wuri ɗaya ake samunsa, kan tudun da ke bayan tsohuwar makabarta, shi ma sai ya ga dama. Na je. Mutane sun fi na kullum, kowa ya ɗaga waya sama. Na kira Muktar, na kira Saminu kyaftin ɗinsu, na kira matar Muktar. Muryar nan ta kamfanin waya mai cewa ba a samun layi ta ba ni amsa iri ɗaya duk sau ukun.

An yi ruwa sosai ta wajensu ranar Juma'a. Hanyar ƙasa ce, in rafi ya kawo sai a jira. Na faɗa wa Inna haka, ta ce haka ne. Na faɗa wa Alhaji Mas'ud, ya ce haka ne. Kowa na cewa haka ne da sauri.

Litinin, da hantsi

Anka biyu, Duza ɗaya. Duka biyun bayan hutu. Na faɗa.

Talata, bayan La'asar

Ina kan tudu wayata ta yi ƙara. Saƙon murya, daga Muktar. Na zauna a kan wani dutse na danna shi.

Tsohon saƙo ne. Na ranar Juma'a ne, sai yau hanya ta buɗe masa. Yana tauna wani abu yana magana, yana cewa na yi kuskure a kan Abare, don ɗan bayan Bukkuyum ɗin nan in aka juya shi sai ya nemi izini kafin ya juyo. Ya ce Abare za ta ci, mu sa kaza. Akwai kukan akuya a bayansa, da muryar matarsa tana cewa ya sauke ƙafa daga tabarma.

Na saurara sau da yawa. Mutumin da ke kusa da ni ya matsa gefe ya ba ni wuri, ban roƙe shi ba.

Ban gaya wa Inna ba. Hocen na nan a rufe.

Laraba, bayan Azahar

Kwamiti ya ɗage wasan. Alhaji ya ce a rubuta "saboda yanayin hanya", aka rubuta.

A hanyar gida wani dattijo da muke sallah sahu ɗaya ya kama hannuna da hannu biyu, ya fara cewa ya muka ji da, sai ya haɗiye sauran. Na ce da me? Ya ce da ruwan nan. Na zare hannuna. Na yi masa tsawa a tsakiyar titi, mutumin da ya girmi Malam. Raina ya ɓaci, har yanzu bai dawo daidai ba.

Bari in sake auna wasan da kyau, don na ga kamar na rage wa Burkullu. Ɗage wasa ya fi cutar da mai gida. 'Yan Gulbi sun shirya sun huce. Lado in ya yi kwanaki bai buga ba nauyi yake yi. Su kuwa manoma hutu ƙarfi yake ƙara musu. In suka riƙe rabin farko ba a ci su ba, jama'armu za su fara zagin nasu, na san halin 'yan Gummi. Daga nan sai fenariti, a fenariti kuwa Burkullu na da gola.

Alhamis, da hantsi

Inna ta ce warin ya ishe ta, in kwance buhun ta wanke kayan, in sun zo su tarar da su da tsabta. Na kwance.

Takalma. Safa. Tsofaffin jesinsu koraye, waɗanda lambobinsu suka fara ɓarewa. Safar hannun Muktar a cikin leda, ya naɗe ta da kyau, babban yatsan dama da ɗinkin da Inna ta yi masa bara.

Na zazzage buhun, na juya shi ciki waje. Inna na kallona. Ta ce me nake nema, na ce ba komai.

Sabbin jesin ba sa ciki.

Juma'a, bayan an sauko

Liman ya yi addu'a ga waɗanda ke kan hanya. Bai ambaci suna ba. Amin ɗin ta yi tsawo.

Na wuce tudu. Saƙo biyu suka shigo tare, duka na safiyar Asabar. Na farko murya ce. Ƙarar babura da yawa wuri guda, ana ta hon, wani na waƙa, wani na cewa a matso a matso kowa ya shiga.

"Yaya, ga mu nan mun taso. Yau Gummi za ta san Burkullu ta shigo gari. Ka ce ma Inna ta aje man hocena."

Na biyu hoto ne. Sabis bai kai ya buɗe shi ba, sai dishi-dishi da da'ira tana juyawa a tsakiya. Ba a ganin fuska ko ɗaya. Ana ganin dai mutane a jere, da yawa, dukansu kala ɗaya daga wuya zuwa ƙugu. Ja ne mai duhu, irin na hanta.

Mutumin Legas bai sani ba, kala ce kawai ya gani a shago ta yi masa kyau. Amma duk wanda ke zaune a yankin nan ya san 'yan sa-kai ne ke sa irin wannan kalar su hau babura a jere, ya kuma san 'yan bindigar daji na jiran masu sa ta.

Da'irar na cikin juyawa na kashe wayar. Ba na son ya buɗe.

Asabar, bayan La'asar

Na je na duba layi. Ruwa ya wanke na gefen gabas, na sake zubawa.

Lahadi, da yamma

Abare ɗaya, Bukkuyum ba ko ɗaya. An juya ɗan bayan nan, kafin ya juyo an gama. Kaza ta hau kaina.

Litinin, bayan Azahar

Wani direba ya faɗi wata magana a tasha, kafin La'asar ta zaga gari. Wai an ga babura jingine a gindin wata kuka, a jere, da makullansu a jiki, ba wanda ya taɓa su. Direbobi ba abin da ba sa gani. Shekaranjiya ma wani ya ce ya ga kada a kan kwalta.

Inna ta sa almajiran Malam na da, waɗanda yanzu magidanta ne, su yi sauka. Ta ce ta neman sauƙin hanya ce. Ta fitar da tsohon hocen ta ba kaji, ta gasa sabo ta rufe.

Karnukan unguwarmu sun daina haushi da rana. Ko dai ni ne ban lura da su ba a da.

Laraba, bayan La'asar

Alhaji Mas'ud ya zo har gida, ya zauna a zaure, ya daɗe yana gyara hularsa. Gusau na son sunan zakara kafin ƙarshen wata. Anka da Abare na jira. Ya ce ba yadda za a yi, ranar Asabar sai a ba Gummi wokoba.

Yadda muke yinta a nan, ba a ofis ake rubutawa ba. Kulob ɗin da ya zo zai sa kaya ya shiga fili ya jeru. Rafali ya fuskanci hanyar da baƙi za su ɓullo, ya hura usur sau uku, yana jira tsakanin kowanne. In ba wanda ya amsa, ɗan gaba ya ja ƙwallo ya tura ta ragar da ba kowa. Sai ta shiga ake cewa an ci. Na yi wannan sau da dama ga kulob ɗin da suka rasa kuɗin mai ko suka yi fushi da kwamiti, har dariya ake yi.

Na ce ba zan hura ba. Ya ce ba wanda ya ce komai game da yaran, ƙwallo ce kawai za a tura raga. Na ce ya san ba haka gari zai ɗauke ta ba. Ya ce in ni ban hura ba shi zai hura, shi da bai san ta inda ake busawa ba, kuma wannan wulaƙanci ne ga Burkullu. Nan ya kama ni.

Da ya tafi na tarar da Inna tsaye bayan ƙofar zaure. Ba ta taɓa zuwa fili ba, ba ta san gola da ɗan gaba ba.

"Dalhatu, in ka busa abin ga, mi ke nan?"

Na ce mata wasa ne kawai ya wuce.

"To shi wurin da Muktar ka tsayawa, wa za a sa?"

Na ce ba kowa. Ta ce to, ta koma ciki.

Alhamis

Ban auna komai ba yau.

Asabar, bayan Magariba

An yi ruwa da safe, ya ɗauke kafin Azahar. Ban taɓa ganin jama'a a filin nan kamar yau ba, ko ranar da muka ɗau kofi. Har da dattawan da ke cewa ƙwallo aikin banza ne. Ba mai rake, ba mai ganga. Mutum zai iya jin tsuntsaye.

'Yan Gulbi suka jeru. Ɗaya ɓangaren fili fayau, sai raga tana ɗan motsi. Na juya gabas na hura. Na jira. Duk jama'a suka juya suna kallon hanyar tare da ni. Wata akuya ta tsallaka. Na hura na biyu. Na uku sai da na yi ta neman numfashi, da ya fita kuma bai yi kama da usur ɗina ba.

Lado ya ja ƙwallon shi kaɗai, a hankali, kamar mai raka ta. Da ya kai wurin fenariti ya tsaya, ya tura ta da cikin ƙafa. Ta tafi tana birgima. A tsakiyar ragar nan akwai ramin da ƙafafun gololi suka haƙa shekara da shekaru, ruwan safe ya cika shi. Ƙwallon ta shiga ruwan, ta juya sau ɗaya, ta tsaya. Rabinta a kan layi.

Ba wanda ya yi motsi. Na je na tsuguna na duba ta gefe, yadda doka ta ce. Alhaji ya taho yana tattare riga, ya ce mini a hankali in ba da ita a wuce wurin. Na ce ba ta shiga ba. Ya juya wurin Lado ya ce ya ƙarasa.

"Walle Alhaji ba ni taɓa ta sau biyu," in ji Lado. Ya cire rigarsa ya fita daga fili, sauran suka bi shi.

A can muka bar ta, ba wanda ya yarda ya ɗauka. Na rubuta wa kwamiti cewa ba a kammala wasa ba. Ban taɓa jin daɗin doka kamar yau ba, kuma tsoro nake ji.

Lahadi, da sassafe

Daga masallaci na bi ta fili.

Ƙwallon ba ta cikin ruwa. Tana kan layin ƙaramin gida, ta gefen dama, inda gola ke ajiyewa in zai buga. An tara 'yar ƙasa an ɗora ta a kai, bakin da ake hura iska yana kallon sama.

Gololi da yawa na tara ƙasa. Na tsaya ina ƙoƙarin tuna wani, ban da shi, da ke juya bakin sama. Ƙasar wurin jiƙe take, na duba, sawun da na gani nawa ne na jiya.

Ban taɓa ta ba.

Talata, da hantsi

Ina cikin aji hedimasta ya leƙo ya ce in fito. Wasu daga cikin yaran Burkullu sun ɓullo ta bakin gulbi da ƙafa, ba takalmi, ba riga. An kai su wani ɗakin shan magani. Ya ce takwas ne. Ya tsaya yana jira in tambaye shi wani abu. Na ce masa na gode, na koma na ƙarasa darasin.

Takwas sun isa. Doka ta ce da bakwai ma ana fara wasa.

Talata, bayan La'asar

Ban je ba. Mutane sun yi musu yawa, ba sa buƙatar ƙarin wani.

Daga can zuwa gidanmu ba nisa. Mai ƙafa ko ciwo yake yi zai iso, ko ya aiko.

Amma ai ba a tafiya tare. Bibbiyu ake tahowa, da tazara. Waɗannan na gaba ne.

Laraba

Duk wanda na haɗu da shi sai ya tuna yana da wani aiki a ɗaya gefen titi. Inna ba ta tambaye ni ba, ni ma ban tambaye ta ba. Muna cin abinci muna maganar tsadar taki.

Alhamis, bayan Azahar

Saminu ya aiko wa kwamiti. Ya ce a gaya wa Gummi ba a ba da wokoba a kan Burkullu, wasa suka taso yi kuma za su yi shi, ranar Asabar, cikin tsofaffin kayansu. Alhaji ya ce yaran ko tsayuwa ba sa iya yi da kyau. Aka ce masa ya je ya faɗa wa Saminu da bakinsa. Bai je ba.

An zo an ɗauki buhun. Jesin a wanke, a ninke. Ledar safar hannun Muktar ba ta ciki, Inna ta cire.

Takwas da goma sha ɗaya. Na zauna in auna, na rubuta Gummi na da fili, na da jama'a, na da Lado. Na rubuta amma. Na daɗe ina kallon kalmar.

Asabar, da safe

Zan fita Inna ta kira ni. Ta miƙo mini ledar, ba ta dube ni ba. Ta ce in sa a aljihu, ko za a nema.

Asabar, bayan Magariba

Sun shigo fili a jere, koren jesin ya yi musu yawa, duk sun zube. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina duba takalma kamar yadda aka saba, kaina a ƙasa. Ƙafafu na san su, ban buƙaci ɗaga kai ba. Na zo ƙarshen layi na ga ba sauran ƙafa.

Na kira kyaftin biyu tsakiya. Na jefa kwabo, Saminu ya zaɓi gefen gabas. Na sa usur a baki. Sai na tsaya, don akwai abin da ya rage, kuma duk wanda ya taɓa riƙe usur ya san shi. Ana fara wasa da mutum bakwai, amma ba a farawa sai ɗaya daga cikinsu gola ne. Dole rafali ya san ko wane ne. Ba a tsallake wannan, ko a wasan unguwa.

Kwana da kwanaki ina zagaye tambayar nan, na bi ta bayan gida, na tsallaka titi, na kashe waya. Yau ga ta a cikin littafina, ga jama'a na jira.

Na cire usur na ce, "Saminu, wa ka tsaron raga?"

Ya dube ni. Leɓensa duk a fashe.

"Malam Dalhatu, shi yac ce mu wuce, shi ka tsayawa baya. Ya tsaya." Ya juya ya dubi ragar gabas. "Mun ji harbin. Ba ya zuwa."

Sai ya miƙo hannayensa biyu.

Na ciro ledar na kwance. Ni na sa masa da kaina, na dama sannan na hagu, na ɗaure masa maɗaurin. Ta yi masa yawa, yatsun sun lanƙwashe a baki. Ya tafi ya tsaya a cikin ramin nan. Ƙwallon na nan inda take tun Lahadi, a kan 'yar ƙasarta. Ya sunkuya ya ɗauke ta ya jefo mini.

Na hura.

Ban san nawa aka tashi ba. Alhaji ya rubuta, a tambaye shi. Na san dai ban yi kuskure ko ɗaya ba, kuma ina ta kuka ina gudu.

Da na dawo Inna na zaune a kan tabarmar sallah. Ta dubi aljihuna ta ga ba komai. Ta yi salati a hankali, ta jawo kwanon hocen ta buɗe.

"Kai shi masallaci," ta ce. "Ka ce sadaka ce, ka hwaɗi sunanai."